Amsar Da Na Ba Saratu

Akwai wata Juma'a a unguwar Mansura da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake na gwada. Lokacin ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Doha. Mu Kiristoci 'yan Arewa muna taruwa a falon Mama Rifkatu, babbar nas, muna waƙa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Da yake an san na yi jami'a, aka ce in yi koyarwa a kan malamin nan Bajamushe da ya jawo gyaran ikilisiya shekaru ɗari biyar da suka wuce.

Sati uku ina shiri. Na rubuta yadda ya yi zaman sufanci yana azumi, yana furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji, amma hankalinsa bai kwanta ba, sai da ya gane ceto kyauta ne, alherin Allah ne, ba ladan aiki ba. (Rabin farko na labarin kamar ni aka kwatanta. Rabi na biyu kuwa, a takarda kawai na san shi.)

Ina gama karantawa sai Saratu ta ɗaga hannu. Ita ma nas ce. Mahaifiyarta ta rasu a Kafanchan, an binne ta ba ta nan, don ta ji tsoron roƙon kafil, wato ubangidan aikinta, izinin fita, ta ce sai hutun shekara.

"Ɗan'uwa, sau uku mahaifiyata ta aiko in zo," in ji ta. "Alherin nan da kake faɗa, ya kai kaina?"

Amsar kalma ɗaya ce, kuma na san ta. Amma na ji tsoron yin kuskure.

"To, 'yar'uwa," na ce, "ya danganta. Masana sun ɗan sha bamban."

Har da buɗe shafi ina neman wurin!

"Malam mai digiri, halas, ya isa, zauna," in ji Mama Rifkatu. Ta jawo Saratu jikinta. "Ya kai, 'yata. Tun ba ki tambaya ba ya kai."

Saratu ta fashe da kuka. Ni kuwa ina tsaye, ban san inda zan sa hannuwana ba.

Na rubuta mata wasiƙar ban haƙuri sau huɗu, kowace na yaga, don ba ta yi daidai ba. Juma'a ta zagayo, na zauna bakin ƙofa kusa da takalma. Sai ga Saratu da kwanon tuwo.

"Ci, ɗan'uwa. Ka rame."

Darasin, in ma na koye shi, shi ne idan mai kuka ya yi tambaya, a ajiye takarda. Saratu ta yafe mini ban roƙa ba. Ni kuma, sai dai ku yi mini dariya, har yau ina neman abin da zan yi in cancanta.