Jarkar Maman Bulus da Kuɗin Barista

Ba zan taɓa mantawa da ranar da majistare ta neme ni a tsakiyar kotu ta rasa ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, kuma fiye da rabin zafin nan haushi ne, don da kuɗina na sayo wa kaina abin.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Jalingo, kuma tun da uwata ta haife ni giya ba ta taɓa shiga bakina ba. Ku riƙe wannan da kyau. Wata Asabar na je Sunkani bikin ƙanwar Bulus, abokin aikina. Da la'asar zan taho, mahaifiyarsa ta cika mini but ɗin mota da doya, sannan ta sa aka kinkimo wata jarka.

"Yarona, ka sauke ma ɗan'uwana mace a Nukkai," in ji ta. "Yana jira tun safe."

Ban tambayi abin da ke ciki ba, hancina ya riga ya gaya mini burkutu ce. To amma da wane ido zan karɓi doyar tsohuwa in ƙi jarkarta? Na ce a ɗora a kujerar baya.

Ashe burkutu ba ta son zafi, ba ta son girgiza, ni kuwa na haɗa mata duka biyun. Ina gab da shiga gari na faɗa wani rami, sai murfin ya tashi da ƙara kamar taya ta fashe. Na firgita na karkata sitiyari, na daki bayan wata keke Napep na fasa mata fitila. Kumfa tun daga ƙeyata har cikin aljihun kaftani. Ɗan sandan da ya leƙo tagar bai ko ƙarasa leƙowa ba ya ja da baya.

"Oga, fito. Wannan kam ba sai an gwada ba."

Na rantse masa saƙo ne aka ba ni. Ya ce kowa ma haka yake faɗa. Bulus ya zo ya karɓo ni a ofishin 'yan sanda, amma sun riga sun rubuta tuƙi cikin maye, sun ce sai kotu.

Wallahi ba kotun ce ta tsorata ni ba, surukina ne. Baffa tsohon babban ma'aikaci ne, Bafulatani mai ƙarancin magana, wanda ya ba ni Dija a lokacin da danginsa ke cewa ba ni da komai. Amsar da ya ba su ita ce yaron yana da kamun kai. Abin da nake da shi a wurinsa ke nan, kuma tun daga ranar ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. In ya ji an kama ni ina warin burkutu, na ƙare. Ko Dija ban gaya wa ba (kaftanin a gidan Bulus aka wanke shi, aka sake wankewa, daga baya aka yi tsumma da shi).

Haka na faɗa hannun wani lauya mai ofis a saman bene kusa da kasuwa. Barista mutum ne mai fara'a, kuma daga baya na gane fara'ar ma tana cikin lissafi. Na ce masa abu ɗaya nake so, a gama maganar nan shiru, kada kowa nawa ya ji.

"Kwantar da hankalinka, ƙaramin kes ne," ya ce. "Amma ka san shiru yana da tsada."

Kafin in tashi daga kujera na biya kuɗin zaman da na yi a kanta, wai kuɗin shawara. Na biya kuɗin buɗe fayil, alhali fayil ɗin kwali ne irin wanda muke zubarwa a ofis. Ya tambayi sunan matata, sunan mahaifinta, aikinsa da unguwarsu, wai duk na fayil ne. Ni kuma, sarkin wayo, har da kwatancen gidan na yi masa.

Ranar farko majistare ba ta zauna ba, an ce ta tafi taro. Barista ya karɓi kuɗin bayyana. Na ce ai ba a yi komai ba. Ya ce shi dai ya bayyana, ko ban gan shi ba? Rana ta biyu mai gabatar da ƙara ya manta takardu, Barista ya sake karɓa, har da kuɗin mai. Kuɗin mai fa, daga ofishinsa zuwa kotun ko akuya ba za ta gaji ba. Adashena ya tafi, na ci bashin ƙungiyar ofis, na sayar da talabijin na ce wa Dija gyara aka kai. Ana gobe zama na uku ya kira ni, ya ce za a nemi babban mutum mai gida a cikin gari ya tsaya mini beli, in turo kuɗin neman mai tsayawa. Na tura ina zaginsa a zuci.

Washegari aka kira sunana, na shiga akwatin nan na katako da ake tsayar da wanda ake tuhuma. Aka karanta laifin da ƙarfi, har da sunan burkutu, na ce ban aikata ba. Majistare ta tambaya ko akwai mai tsaya mini. Barista ya gyara kwat ya juya baya yana murmushi, kamar mai gabatar da babban baƙo a wurin biki. Na bi hannunsa da kallo.

Baffa ne. Da farar babbar rigarsa da sandarsa, yana takowa a hankali daga bencin ƙarshe.

Ban yi shawara da kaina ba, ƙafafuna ne suka yi abin da suka saba. Na tuɓe takalma na durƙusa a cikin akwatin, katakon ya rufe ni ruf. Daga can ƙasa na ji muryata tana cewa, "Baffa, ina kwana? An tashi lafiya?"

Sai na ji majistare tana tambaya, "Ina wanda ake tuhuma?"

Ɗan sandan kotu ya leƙo ta sama ya same ni a tsugune, kaina a sunkuye. Ya ɗago ya ce, "Ranki ya daɗe, yana nan. Kamar yau ma ya ɗan taɓa."

Dariyar da aka yi har masu jiran shari'a a waje sai da suka leƙo. Aka ce in miƙe. To in miƙe yaya, Baffa yana tsaye a gabana? Na tashi rabi na tsaya a rankwafe, dariya ta ƙaru. Shi kuwa Baffa bai ko dubi inda nake ba. Ya amsa gaisuwar a hankali da Fulatanci, "Jam," ya sa hannu a takarda ya fita.

A zama na gaba aka kori ƙarar, don babu wani gwajin likita da aka yi mini. Na biya mai keke fitilarsa, kuɗin bai kai na man Barista na rana ɗaya ba. Da na je ofishinsa ina huci na ce ai na ce kada kowa nawa ya ji, ko gezau bai yi ba.

"Mutum mai gida aka ce. Kai kana da wani ne? Kuma ka ci kes, ya kamata a ga alheri."

Na sauko daga benen nan ban san da wace ƙafa ba.

Baffa bai taɓa yi mini maganar ba, ba ya daga cikin ɗabi'arsa. Dija ya kira ya tambaye ta nawa lauyan ya ci. Ta zo ta matsa mini na faɗa, ta kai masa. Da ta dawo ta zauna a bakin gado tana danne dariya.

"Baffa ya ce in gaya maka, giya kam ya san ba ka sha ba, da ka je wurinsa tun a ranar, da ya gaya wa kowa haka. Amma mutumin da zai ba da albashin wata uku don ya ɓoye abin da bai yi ba, shi ba zai iya rantsuwa yana cikin hankalinsa ba."

Tun daga nan na ɗau darasi. In kunya ta zo maka kyauta, ka karɓe ta a ranar, don in ka ɗaukar mata lauya sai ta jira a tara jama'a tukuna.