Lasifikar Mista Pickersgill

"Ni? Ni da aka haifa ana zuba ƙanƙara? Tekun nan ai ruwan shayi ne a wurina!"

Mista Horace Pickersgill ke nan, Sarkin Cika-baki na garinmu a gaɓar tekun Yorkshire, a ƙasar Ingila. Ka dai san al'adarmu: ranar farko ta sabuwar shekara sai mu tuɓe mu faɗa teku, haƙora na kaɗawa. To shekara goma sha tara shi ke riƙe da lasifikar ƙungiyar masu iyo. Yana can kan tudu cikin kwat biyu, yana zazzaga wa masu jan ƙafa zagin kakannin kakanninmu, irin wanda ya daɗe da yin tsatsa.

"Kai, matsoraci mai farar hanta! Ke, zuciyar tantabara! Wilfred, burodi jiƙe da madara, ko a kira Mama ta riƙe maka hannu?"

Wilfred Ogden tela ne, bawan Allah, ko kujera ya yi karo da ita sai ya ba ta haƙuri.

Bana sai shugabar ƙungiya, Misis Garbutt, mai shekara saba'in da takwas, ta kafa doka: duk wanda bai shiga ruwa har wuya ba, ya ajiye lasifika. Jama'a, lasifikar nan ita ce ran Horace! Kuma, tsakanina da kai, ko ɗan yatsansa bai taɓa tsomawa a teku ba.

Ranar sai ga shi yana tarin ƙarya.

"Misis Garbutt, kaico, mura ta kama ni."

"Ai ga Likita Appleyard nan," in ji ta.

Likita, daga shi sai gajeren wando, ya kara kunne a ƙirjin Horace. "Garau kake kamar doki. Tuɓe!"

Gogan ya shige rumfar canza kaya. Ashe ya zo da shirinsa. Ya ji an ce masu ƙetare teku kitse suke shafawa, don haka ya kwaso duk kitsen agwagwar Kirsimeti, har da albasar da aka gasa ta da ita. Ya lafta tun daga goshi har dunduniya, ya cusa gorar ruwan zafi a bayan wando, ya fito yana ƙyalli.

"Wilfred, riƙe min lasifika. Kada ka kunna, ƙarar za ta sumar da kai. Ku matsa, raguna, ku ga namiji!"

Wanda ya fara ganin namijin shi ne karen mahauci. Ya shinshina iska, ya kira 'yan'uwa. Kafin ka ce me, karnuka bakwai sun kewaye shi, kowa na lasar rabonsa.

"Kai! Tafi can! Wayyo, ba nan ba!"

Ya ranta a na kare. Gora ta sulluɓo ta fashe tsakanin ƙafafunsa, tururi na tashi.

"Haba, Horace!" in ji Misis Garbutt daga cikin ruwa. "Tun kafin ka shiga?"

Dariya ta kusa kashe ni. Shi kuwa ƙafa duk kitse, ya taka dutse mai gansakuka, sai ji kake tim! Ya zame a kan tumbi har bakin ruwa. Wata 'yar igiya ta zo ta shafe shi sau ɗaya ta koma abinta.

Horace ya rufe ido gam, yana ta wutsil-wutsil da hannu da ƙafa.

"Ku cece ni! Na nutse! A kawo jirgi! Mama!"

Gari kaf ya yi cirko-cirko. Misis Garbutt ta dubi tela ta ce, "Lasifika ta zama taka, Wilfred. Yi magana mana."

Wilfred ya kunna, ya yi gyaran murya, muryarsa ta karaɗe gaɓar nan daga wannan kai zuwa wancan.

"A gafarce ni, Mista Pickersgill, ba don in katse maka ba. A kan yashi kake iyo. Tekun na gabanka, saura taku huɗu."