Falmaran Ɗin Lothar Ta Rasu a Injin Wanki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ƙungiyar masoya makaɗan Schlackenwolf, reshen garin Bottrop, a madadin ɗan'uwanmu Lothar Pawelczik, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar falmaran ɗinsa ta yadin jins. Rai ya yi halinsa ranar Talatar makon jiya da hantsi, bayan gajeriyar jinya ta minti arba'in a cikin injin wanki. Ta rasu saura kwana goma sha ɗaya a yi bikin cika shekara arba'in da fitowar faifan farko na makaɗan. Ita da faifan sa'o'in juna ne.

An haife ta a 1985, ranar da Lothar, lokacin yana sabon ma'aikaci a masana'antar ƙarfe, ya ɗauki almakashin mahaifiyarsa ya datse hannuwan wata sabuwar riga. Faci na farko mai tambarin makaɗan shi ya ɗinka da hannunsa, a karkace, kuma a karkace ya zauna har ƙarshe. Daga nan duk wasan kiɗan rok da ya halarta sai ya ƙara faci, har yadin asali ya ɓuya.

Kowa a cikinmu ya san ƙa'ida: irin wannan riga ba a wanke ta. Marigayiya ta riƙe ƙa'idar nan da gaskiya. Ta sha giya, ta sha gumi, ta sha taɓon filin wasa na 1991, ta sha hayaƙin taba, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. A kafaɗarta ta hagu akwai sa hannun mai gangar makaɗan, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Idan aka ajiye ta a kusurwa tana tsayawa da kanta, abin da ba kowane ɗan ƙungiya ke iya yi ba bayan wasa. Muryarta kacau-kacau ce ta sarƙa da ƙusoshi, sai ƙiiiƙ idan mai ita ya sunkuya ɗaure takalmi. Ƙamshinta kuwa, a faɗi gaskiya, yana riga ta shiga ɗaki. Masu sayen irinta a shago, da faci ɗinkakke da tsufan ƙarya, su ji kunya. Tsufa ba a sayen sa.

Ga yadda ajali ya zo. Jaridar gari ta aiko cewa za ta ɗauki hoton Lothar albarkacin bikin, a matsayin masoyin da ya fi kowa daɗewa. Ana karin kumallo, matarsa Marlies ta dubi marigayiya a rataye bayan kujera.

"Baban Silke, jarida ce fa. Duk gari zai gani. Ka bari ko ɗan goge ta a yi."

"Hoto za su ɗauka, Marlies, ba sansana ta za su yi ba."

"Wannan ko a hoto ana jin ta."

"Shekara talatin da takwas kina jin ta, ba ki mutu ba."

"Ban warke ba dai."

Ya yi dariya, ya fita wurin likitan haƙori. Dariyar ƙarshe ke nan da aka ji a gidan.

Dole a yi wa Marlies adalci. Ba ta yi da mugunta ba. Ta saka marigayiya cikin rigar matashin kai, ta ɗaure bakin, ta zaɓi ruwan sanyi da wankin kayan jarirai. Abin da ba ta sani ba, kuma mu kanmu ba mu sani ba, zare ya daɗe da ruɓewa. Dattin ne ke riƙe da komai. Da aka kwance, marigayiya ta fito a yage gida goma sha ɗaya, tana ƙamshin furanni, kafaɗar hagu fes, babu ko ɗigon tawada.

Lothar ya dawo ya iske matarsa ta jera gutsattsarin a kan tebur, allura a hannu, tana hawaye. Ta ce, "Zan haɗa maka ita, ka ba ni kwana biyu." Ya kwashe gawar cikin kwalin takalmi, ya tare a bukkar lambunsa. Yau kwana tara ke nan bai ce mata uffan ba, yana cin wake na gwangwani, yana cewa shi ba zai je biki tsirara ba.

Mun same shi a can. Ulf, abokinsa tun ƙuruciya, ya ce, "Kai tsoho, riga ce ta mutu ko matarka?" Lothar ya ce, "Taka tana jikinka, shi ya sa bakinka ke da daɗi." To, bari mu faɗa a rubuce. Marlies ta yi kuskure: abin da ba ka san me ke riƙe da shi ba, kada ka taɓa. Amma namijin da ya rataye abu irin wannan a wurin cin abinci shekara da shekaru, aka haƙura da shi, ba shi da bakin yin gaba. Ita ce ta riƙa kai masa fitila da zare idan zai ɗinka faci. Mai makoki yana da haƙƙin kuka, ba shi da haƙƙin wulaƙanci.

Marigayiya ta rasu ta bar faci hamsin da uku, banda uku da suka bi bututun injin ba a ji ɗuriyarsu ba. Ta bar ƙanwarta, falmaran ɗin Ulf, mai shekara talatin da bakwai, wadda tun faruwar abin ba ya cire ta ko a banɗaki. Ta bar wandon fata ɗaya da ya daina shiga mai shi tun 2004, da faifai sama da ɗari huɗu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a lambun Lothar mai lamba goma sha huɗu, gindin bishiyar tuffa. Kowa ya zo da rigarsa yadda take. Ba a buƙatar furanni, ƙamshinsu ya isa haka. Za a saka faifan farko, fuska ta biyu, a matsayin addu'a. Motar zuwa biki za ta tashi ƙarfe biyu, kuma bayan doguwar jayayya Lothar ya yarda zai shiga, da farar shat.

Saƙo na ƙarshe na mutum ɗaya ne. Tunda mai makoki bai fara magana da matarsa ba tukuna, ya roƙa a sanar da Marlies ta wannan takarda cewa kwaɗon dankalin da za a ci bayan binnewa nata ake so, domin na matar Ulf gishiri ya yi masa yawa. Kuma ya kama kujera biyu a mota, ta bakin taga tata ce, ta zo da audugar toshe kunne. Mun ce masa ya tashi ya je ya faɗa mata da bakinsa, tafiyar minti goma ce. Ya ce sai an binne.