Yadda Tsohuwar Mai Sayar da Kifi Za Ta Shiga Gidan Kallon Kifi Ba Ta Ambaci Tukunya Ba

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. Ko ba ku ce ba ma zuwa za ta yi, ni ba a taɓa tsayar da bakina ba.

Sunana Oddny. A kasuwar kifi ta birnin Bergen na tsufa, wuƙa a hannu. Surukata Torunn ta hana ni ɗaukar jikata Tuva ran Asabar, wai tun da na nuna wa yarinyar kayan cikin kifi ta daina barci. Daga baya ta ba ni dama ɗaya. Ta ce, "Oddny, ki kai ta gidan kallon kifi, inda ake ajiye su da rai a bayan gilashi. In ta dawo da kuka, ke da ita sai Kirsimeti." In ke ma haka aka yi miki, bi matakan nan. Sakamako tabbas ne.

1. Ki ci ki ƙoshi tun daga gida

Mai yunwa ba ta kallon kifi, lissafinsa take. Ki cika ciki da burodi da cuku, ki sa rigar ruwa, ki bar wuƙar aljihu a gida. Har ƙaramar, wadda kike cewa ta tuffa ce.

2. Ki koyi kalma ɗaya

Kalmar ita ce "kyakkyawa". Ana faɗinta a gaban kowane gilashi. Kada ki ce "mai ƙiba". Kada ki ce "sabo ne". Mutanen wurin sun san sabo ne, yana yawo.

3. Hannu a aljihu

Akwai wani ɗan tafki inda ake barin yara su taɓa kaguwa. Bakinki zai iya yin shiru, amma hannunki ya yi shekaru yana aiki, bai san an yi ritaya ba. Da ya ɗaga kaguwa zai juya ta, ya auna nauyinta, ya nemi takardar naɗewa. Ni sai da na kama yatsuna a cikin aljihu kamar mai riƙe ɓarawo.

Tuva ta ce, "Kaka, taɓa ta mana, ba ta cizo."

Na ce, "Kyakkyawa."

4. Ki guji tsofaffin abokan sana'a

Wannan ne ya fi haɗari. A gaban babban tanki, inda kifin nan mai gemu ɗaya da muke shanyawa yake shawagi, sai ga Gunvor, wadda teburinta ke kusa da nawa a kasuwa. Ita ma an haɗo ta da jikoki. Ta matso, ba ko gaisuwa, idonta a kan kifin.

"Oddny, dubi wuyan nan."

Na ƙura wa gilashi ido.

"Ke tsohuwar banza, da ke nake. Man shanu da dankali, ko miya?"

Tuva ta ɗago kai ta ce, "Sunansa Malam Gemu. Ni na raɗa masa yanzu."

Gunvor ta ce, "Sannu, Malam Gemu. Oddny, yau kuma kurma kika zama? Ke da har kifin da ke kan tebur kike wa surutu?"

Amsar tana bakina, don kowa ya san wannan na man shanu ne, miya ɓata shi za ta yi, kuma Gunvor ba ta taɓa iya miya ba. Na haɗiye. Na ce, "Kyakkyawa." Gunvor ta dube ni kamar an ce mata na mutu, ta ja jikokinta ta wuce.

5. In aka tambaye ki, ki yi tari

Yara suna da tambaya. "Kaka, wanne kika fi so?" Tarko ne. Duk wanda kika nuna, fuskarki za ta faɗi dalili. Ki yi tari, ki nuna ciyawar ruwa.

6. Ki mayar da yarinya a bushe

Na kai Tuva gida ba ɗigon hawaye. Torunn ta duƙa ta duba idonta sosai, ta ce, "To, ya aka yi?"

Tuva ta ce, "Mama, Kaka ba ta da lafiya. Ba ta yi magana ba yau. Kalma ɗaya take ta maimaitawa, tana tari, kuma hannunta ya maƙale a aljihu."

Torunn ta miƙe a hankali. Ta ce, "Oddny, zauna. Yau wace rana ce? Ɗaga hannu biyu in gani."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji tana ce wa ɗana Sindre, "Ba za mu ƙara barin ta ita kaɗai ran Asabar ba. Ni da Tuva za mu riƙa zuwa mu wuni." Sai na rufe bakin. Na ƙara ɗan tari.

Gargaɗi

Ban ce dabarar nan ba ta da tsada ba. In kika bi ta aka kai ki wurin likita, aka haska miki ido, aka hana ki gishiri, ba ruwana. In surukarki ta fara kawo miki miyar ganye, ke da ita. Ni na yi alkawarin jika ne kawai, ban yi alkawarin abinci ba.

Tuva tana zuwa duk Asabar, tana barci lafiya. Torunn tana zama a kujerata tana auna min jini. Likita bai sami komai ba. Gunvor ta aiko min da furannin gaida mara lafiya. Malam Gemu yana nan da ransa, yana ƙara ƙiba, ba mai cin sa.