Turbo Biyu da Kujerar Hagu

"Ashe kana nan da rai, Nannu? Na zaci zan zo in tarar ana rabon sifanoninka."

"Ina nan daram, 'yar baƙin mai. Ba inda za ni sai na ga ranar da kika ɗaure noti ba ki tsinke shi ba."

Haka Renae da kakanta Wenzu Buttigieg, wanda take kira Nannu, suke gaisawa duk Asabar a garejinsa na Pendle Hill, shekara guda ke nan tun da suka sauke injin tsohuwar motarsa Falcon suna yi masa garambawul. Ita makanikiyar manyan motoci ce, shi kuwa ya ajiye sana'ar tun ba ta yi haƙori ba. Yau ta shigo da kwali biyu ta dire a kan benci, kowanne da turbo a ciki, dodon-koɗin ƙarfen nan da ke ɗura wa inji iska. Ɗaya ƙarami, ɗaya ƙato. Mai shago ya ce su zaɓa, a mayar masa da ɗayan ranar Litinin.

Wenzu dai bakinsa ne kawai ke wasa, ransa a jagule yake. Ranar Laraba likita ya duba idonsa, ya ƙi sa hannu a takardar sabunta lasin, tuƙi ya ƙare ke nan. Bai gaya wa kowa ba. Ba motar ce ta fi damunsa ba. Tsoronsa shi ne in yarinyar nan ta ji ba zai ƙara riƙe sitiyari ba, me zai sa ta ci gaba da kashe Asabar ɗinta wajen tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu? Shi ya sa ya ƙudura a sa ƙaton, motar ta zama ta tsere, ya bar mata abin kirki ta tafi da shi.

Ya laluba kwalin, ya dunƙule hannu ya zura a bakin ƙaton har wuyan hannu.

"Wannan za a sa. A zamaninmu in dunƙulen hannu bai shige ba, to abin busar da gashi ne."

"A zamaninku ai jaki kuke ɗaura wa turbo a can ƙasarku Malta."

"Jakin nan kuwa da zai bar ki a danja kina neman giya."

"Nannu, ƙaton nan halinku ɗaya. A taka totur ya yi shiru kamar bai ji ba, sai an gama fid da rai ya tashi da masifa."

Ta shiga yi masa bayani kamar ba shi ya koya mata ba: babban turbo sai inji ya yi kuka sosai kafin ya farka, in ya farka kuma ƙarfin lokaci ɗaya yake zuwa, bayan mota ya zame gefe. Ƙaramin kuwa daga an taɓa yake amsawa, ya dace da titin unguwa mai danja a kowace kwana. Wenzu ya ce shi ya taɓa tuƙa motar da ta fizge shi har haƙoran robarsa suka koma kujerar baya, kuma bai ɗaga ƙafa ba. Renae ta ce lallai, har yau ba su dawo daidai ba, shi ya sa pastizzi ɗaya, ɗan gasasshen fulawar nan na Malta, yake cinye masa rabin awa.

"Ke dai ce kina tsoro. Matsoraciya irin ubanki, mai wanke mota da safar hannu."

"To jarumi, karanta mini lambar da ke jikin ƙaton, in duba ko za ta yi da salansarmu."

Ya ɗago shi kusa da fuska, ya ƙanƙance ido, ya rattaba mata lamba da ƙarfin hali. Lambar ƙaramin ce, wadda ta faɗa masa a waya jiya. Farantin da aka buga lambar ma yana ta ɓangarenta, babban yatsansa a kai.

Renae ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. A hankali ta ce ai ta ga gizo-gizo ya yi saƙa a madubin motar da yake zuwa coci da ita, ta kuma lura wata biyu ke nan da yatsa yake gane sifana. Kunya ta rufe Wenzu. Ya zaro takardar likita ya ajiye a kan benci, ya ce to ta gani, ta sa ƙaton ta je filin tsere ta yi suna, shi nasa ya ƙare.

Ta ture takardar gefe, ta jawo ƙaramin kwalin.

"A filin tsere ba a ɗaukar fasinja, Nannu. In na sa ƙaton, wa zai zauna a kujerar hagu ta fasinja yana zagina in na canza giya?"

Ya shiga goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti. Can ya ce shi fa ba zai shiga motar da aka sa wa abin busar da gashi ba. Ta ce ba komai, gashin nasa guda bakwai ne, nan da nan za su bushe.

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ciro makullin Falcon daga aljihu, da 'yar lambar ƙarfe mai hoton waliyyi da marigayiya matarsa ta ɗaura masa, ya jefa mata. Makullin ya sauka nesa da ita, cikin tiren baƙin mai. Ta tsamo shi, ta goge a wandonta.

"Mayar wa mutumin nan ƙatonsa," in ji shi.

"Asabar ƙarfe takwas ke nan?"

"Bakwai. Ni direbana ba ya makara."