Ɗuri Biyu a Bindiga Ɗaya

Zamanin Nasara, ina sabon malami a lakwal, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe kamar yadda ake kiran malamanta, na sayi bindigar toka saboda biran gonarmu. Kawuna maharbi ya koya mini ɗuri: albarushi, tsumma, harsashi, a danna da sanda. Na rubuta komai, har ina ganin na fi shi tsari.

Ranar gwaji na ɗura, sai na yi shakka: anya na zuba albarushi? Gudun kuskure, na sake ɗurawa.

Kawu ya karɓa ya zura sanda, ta tsaya a sama.

"Mushe, biri za ka kashe ko mu?"

Albarkacinsa nake da hannu biyu, Allah ya saka masa. Amma har yau a Gaya, in na nufi masallaci, sai wani ya ce, "Mushe, ka tabbata ka yi alwala? Ƙara dai."