Kwamfutar da Ke Jiran Almakashi

Jama'a, ranar Litinin da ta wuce na sha rana, na sha takaici, na kuma ga abin mamaki, duk kafin azahar.

Ɗiyata Maimunat ta samu gurbin karatun aikin jinya. Takarda guda ta rage mata, ta shaidar cewa ita 'yar ƙasar ga ce, kuma anka ce in ba ta kai ta ranar Alhamis ba, gurbin ya zama na wata. Da sassafe na baro Turba. Awa biyu munka yi a layin mai, mai kabu-kabu na tura babur ina taya shi, sannan munka shigo Isa, wani ofishin da ba za ni faɗi sunansa ba, don ina da sauran 'ya'ya.

Mai buga takardu a wurin Malam Sodangi ne, shekara ashirin da shida yana dukan tafireta. Na iske shi ya yi tagumi gaban wata sabuwar kwamfuta ta kan tebur, baƙa wuluk, an ɗaure mata jan ƙyalle a tsakiyar allo kamar kayan lefe.

Na ce, "Malam Sodangi, ina tafiretar taka?"

Ya ce, "An kai ta sito, Malam. Sun ce zamani ya wuce ta."

"To wagga fa?"

"Wagga ba a ƙaddamar da ita ba. Sai Mai Girma Uban Ci Gaba ya zo ya yanke ƙyalle."

Wata huɗu ke nan, in ji shi. Sau uku ana sa rana, a kafa rumfuna, a dafa shinkafa, makaɗa su kaɗa har hannu ya kumbura, sai a aiko cewa uzuri ya taso. Ni kam ban ga laifin Mai Girma ba. Bawan Allah da almakashi guda, ƙasa kuwa cike da ƙyallaye, ina zai sa kansa?

Amma wallahi sai na tuna da Maimunat. Yarinyar nan da fitilar hannu ta yi karatunta, uwarta har ta gama shelar "likita" a gidan biki. Na ce, "Malam Sodangi, ka dubi Allah. Da wane ido za ni kalle ta?"

Ya dube ni, ya leƙa waje, ya turo ƙofa. Sai ya sunkuya ya danna wani maɓalli, allo ya kawo haske. Ashe tun mako na biyu da zuwanta yake aiki da ita kullum! Ƙyallen ne kawai ba ya taɓawa, don ogan ofishin da hannunsa ya ƙulla shi, kuma kowace safiya sai ya zo ya duba ƙullin. Da hantsi kuma ogan nan yakan sa hannu a takardu fes-fes, bai taɓa tambayar daga ina sunka fito ba.

Kai, na ga aiki. Sodangi na dukan maɓallai kamar yana sussukar gero, in ya kai ƙarshen layi sai ya kai wa gefen allon mari, sabon tafireta bai sake shi ba. Ya ce ba ya farawa daga farko, tsohuwar takarda yake buɗewa ya canza suna. Minti uku firinta ta tofo tawa. Na karanta: Maimunat 'yar asalin Turba ce, haka ne. Layi na gaba kuwa ya ce namiji ce mai shekara hamsin da biyu, mai fataucin albasa zuwa Nijar.

Na ce, "Subhanallahi! Yaushe ɗiyar tawa ta fara fatauci?"

Ya dafe kai. "Na Kalilu mai albasa ne. Layin ya ɓuya ƙarƙashin ƙyalle."

Ya ɗaga rubutun sama ya gyara, muna dariya ƙasa-ƙasa kada oga ya ji. Ranar Laraba Maimunat ta miƙa takardarta, anka karɓa. Alhamdu lillahi.

Ranar Asabar sai ga Mai Girma da motoci tara. Na je, don shinkafa ba ta yi mini laifi ba. Ya yanke ƙyalle, anka yi guɗa, ya danna maɓalli "karo na farko a tarihi". Allo ya cika maƙil da takardu. Ya juyo yana hararar Sodangi: "Waɗanga fa?"

Na ce a raina yau aikin bawan Allah ya ƙare saboda irinmu. Sodangi ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, albarkar hannunka ce. Ɗari uku da goma sha biyu ne."

Mai Girma ya karɓi lasifika ya sanar da jama'a cewa na'urar da ya kawo ta buga takardu ɗari uku cikin minti guda. Tafi kamar rumfa za ta faɗi. Ni ma na tafa, har da tsalle.

Roƙona guda ne. Rijiyar burtsatsen unguwarmu sau biyu ana yanke mata ƙyalle, har yau ko ɗigo ba mu gani ba. Ranka shi daɗe, in za a sake yi mana wata, a ɗaure ƙyallen, ka yi zamanka, a turo mana Malam Sodangi.